Eriyar Baba Obiora

"Sauko da ita, Baba, ko mu sauko da kai."

Sha'aibu ne ya faɗi haka, shugaban 'yan bangan unguwarmu a Iku, a kan tsaunin bayan gidanmu. Ni na hau neman awakin Inna ne, sai na maƙale bayan dutse. Baba Obiora ya fara naɗe wayar eriyarsa.

Ɗan haya ne a gidanmu, tsohon mai gyaran tarho. Rediyonsa ba ta labarai ba ce, ta magana ce da mutanen nesa. Duk Lahadi bayan coci yakan kira wani tsoho a Kumasi. Shekara da shekaru suna hira, ba su taɓa ganin juna ba. Na taɓa tambayarsa me ya hana su yin magana ta salula, ya ce ko lambar juna ba su karɓa ba, don a wurinsu wannan maguɗi ne.

Tsaunin ne matsalar. Ya tokare mu ta yamma, muryar Kumasi kuma, in ji Baba, ƙasa-ƙasa take zuwa, sai dutsen ya tare ta. Daga ɗaki yana jin Kamaru raɗau, Kumasi kuwa sai shuuu. Shi ya sa yake hawa da batir a kafaɗa.

Da satar mutane ta yi yawa, aka fara cewa infoma ne. Ya nuna lasisi, Sha'aibu ya ce ko ɓarawo yana da takarda. Babana, da kullum suke raba goro, bai tsaya masa ba.

Da aka hana shi hawa tsaunin, Baba ya ɗaura eriyar a mangwaron tsakar gida, ya ƙara mata gora, ya sake ƙarawa. Ba ta kama ba. Lahadinsa ta ƙarshe na kai masa kunu, na same shi kwance da ciwon ƙirji, hannunsa a kan rediyon.

"Nne," haka yake ce mini da yarensu, "yana can yana kira na." Ya ƙara da cewa, "Zai ce Obiora ya yi fushi."

Da safiyar Talata ya rasu. Sha'aibu ne a gaba wajen gaisuwa, yana ta cewa mutumin kirki ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. 'Yan uwansa suka tafi garinsu a gabas da gawar da rediyon. Na tambaye su ko wani zai sanar da na Kumasi, suka ce wane ne shi.

Ran Lahadi, daidai lokacin tashi daga coci, Inna ta ja wayar eriyar ƙasa kaɗan, ta shanya zannuwanmu. Na zauna a ƙofar ɗakinsa ina kallon ruwa na ɗiga.