Taswirar Bayan Layin Dogo

Shekara goma sha tara tana aiki a ofishin safiyo, ita kaɗai ce mace a ɗakin zane. Maza su fita su auno, ita ta zauna da rula da alƙalamin tawada ta mayar da lambobinsu tituna. Abu ɗaya ke ci mata rai: unguwar da ta tashi, can bayan layin dogo, ba ta cikin taswirar gari. Fili aka bari fari fat, kamar ba kowa. Shi ya sa ba famfo, ba asibiti.

Sai ta ɗauki hutun shekara ta shiga unguwar da tef ɗin awo. Inda namiji zai tsaya a ƙofa, ita sallama kawai take yi ta wuce ciki. Mata suka riƙa riƙe mata bakin tef, suna nuna mata rijiyoyi da lungunan da ruwa ke bi da damina. Goggonta da ta raine ta har tsiya take mata:

"Zana ɗakina da faɗi, 'yar nan, ko a takarda in miƙe ƙafa."

Gida ɗari huɗu da sha biyu ta zana. Shugaban ofis ya yaba, aka buga da sunansa a ƙasa. Ko a jikinta, ita famfo take jira.

Bayan wata bakwai ya shimfiɗa mata taswirar a tebur, an ja jan layi biyu ta tsakiyar unguwar.

"Sabuwar hanya ce," in ji shi. "Fitar mana da gidajen da za a rushe. Ba don aikinki ba, da mun sha wuya."

Ta bi layin da yatsa har ta iso gidan Goggo. Ta ce ba za ta iya ba. Aka ba wani, cikin awa guda ya gama, don ba abin da ta bari a duhu.

Ranar rusau ta je. Matan da suka taya ta awo suka kau da kai. Goggo na zaune kan ƙullin kaya a bakin titi.

"Goggo, wallahi ruwa na so a kawo muku."

"Na sani. Kama mini buhun nan, bayana ya ƙage."

Ta ɗora a kai, hawaye na zuba, suka taka zuwa tasha. Shekara biyu Goggo ta yi a gidan 'yar tata kafin ta rasu, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ita ma ba ta samu bakin tayarwa ba.