Wayar da Ba a Ɗaga Ba

"Kunnenka ne ya toshe?" Batula ta ce, murya ƙasa-ƙasa saboda masu gaisuwa da suka cika tsakar gida. "Na kira, na kira, har yatsana ya gaji."

"Tuƙi nake, Yaya."

"Tuƙi. Uwarka tana kan gargara, kai kana tuƙi."

Mutawakkil bai ɗago ba. Yana tsaye a ƙofar ɗakin Inna, jar ƙasar maƙabartar Barkiya ba ta bar ƙafarsa ba tukuna. An naɗe tabarmarta an jingine. Kokon da ba ta shanye ba yana gindin gado, ya yi sanyi.

Da safe ya bar ta tana tari. Ta ce ya tafi nemansa, ba wani abu ba ne. Ya ja motar hayarsa zuwa Dutsin-Ma, ya yi lodin Kurfi: buhunan wake a baya, mata da goyo, wani dattijo a gaba. Sun bar gari ke nan waya ta fara kuka a aljihun mota, inda yake jefa ta kullum kafin ya tayar. Ta yi shiru. Ta sake.

"Direba, ɗaga mana," in ji dattijon. "Ko amarya ce kake ɓoye mana?"

"Sai mun isa, Baba."

Da kukan ya ƙi ƙarewa, ya ɗage ƙafa daga totur. Ya rage gudu, yana neman inda zai raɓe.

"Kada ka tsaya da mu a dajin nan, don girman Allah," wata mata ta ce daga baya, tana ƙanƙame ɗanta. "Ka san halin da ake ciki."

Ya sani. Ya mayar da ƙafarsa kan totur.

Ƙin ɗaga waya a kan hanya ba ra'ayinsa ba ne tun farko. Wansa Sodangi ɗan acaɓa ne, ya shige ƙarƙashin babbar mota a hanyar Karofi, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ranar da aka yi sadakar ukunsa Inna ta kama hannun Mutawakkil a ɗakin nan, ta ce, "In kana kan hanya, ko ni na kira ka, in ka ɗaga, ban yafe ba."

Sai da ya sauke fasinja a Kurfi ya buɗe aljihun. Ya kira Batula. Kafin ta yi magana ya ji kukan mata a bayanta.

"Kina wurin ranar da Inna ta faɗi haka," ya ce yanzu. "Da kunnenki kika ji."

"Ina wurin. Amma yau ba kamar kullum ba ce."

"Ta ina zan sani?"

Batula ta shiga ɗakin. Ta zauna a bakin gadon, ta ja mayafi ta goge fuska. Faɗan ya fita daga muryarta.

"Kai take ta kira," ta ce. "Na ce ta faɗa mini, zan isar maka. Ta ce a'a, da bakinta za ta gaya wa autanta. Na kanga mata wayar a kunne. Tana jin tana shiga. In ta katse sai ta ce, sake. Na sake. Daga baya dai ba ta ƙara cewa komai ba."

"Ba ta bar ko kalma ba?"

Batula ta girgiza kai.

A waje wani ya yi sallama, aka amsa, aka fara addu'a. Mutawakkil ya zaro wayar daga aljihu, ya juya ta a tafin hannunsa. Ya shiga ɗakin ya durƙusa gaban yayarsa, daidai inda ya durƙusa wa Inna a waccan ranar. Batula ta kawar da kai tana kallon bango.

"Yaya, da ta ji ban ɗaga ba, ta gane maganarta na riƙe, ko ta tafi tana ganin na share ta?"