Kan Tsutsar da Ya Ƙi Fitowa a Hoto

Hoto talatin da ɗaya Manu ya tura, babu ko ɗaya da ya nuna kan tsutsar da ke cin masararsa.

Ranar Talata ce, a gonarsa da ke Maruta. Malam Safiyanu, malamin gona a Birnin Kudu, ya ce ba zai faɗi magani ba sai ya ga kan tsutsar, domin iri biyu ke yawo bana, kuma kowace da maganinta. Alamar da ke bambanta su ba ta kai ƙwayar gero ba.

Tun hantsi Manu yake durƙushe. In ya matso da wayar, hoton ya dushe. In ya ja baya, tsutsar ta zama ɗigo. Sau uku yana riƙe numfashi komai ya daidaita, sai iska ta kaɗa ganyen. Ƙasar da ke ƙarƙashi kuwa fes take fitowa.

Da azahar ya yi abin da ya saba yi wa tsutsa, ya barbaɗa mata toka. Ta tsaya cak, hoton ya fito tar.

"Baba Manu, ai toka ka ɗauko mini," in ji Malam Safiyanu a waya. "Ina kan?"

"Malam, faɗi kowanne ma. Kunya shida ta cinye tun jiya."

"In na yi kuskure, gonar ce za ta tafi. Samo wata."

Manu ya buɗe wata masarar. Cajin wayar saura kashi huɗu, kuma har yanzu ba a san wace tsutsa ce ba.