Barkono a Kan Magudana

Malamin gona ya zaro hannunsa daga ramin da ya haƙa, ruwa na ɗiga har gwiwar hannu.

"Baba, masararka ba taki take nema ba," ya ce wa tsohon mai gonar. "Saiwarta na cikin ruwa tsundum. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, ta kasa numfashi. Ina magudanarku ta bi?"

Dogo, surukin tsohon, ya kau da kai. Shi fa rakiya kawai ya yi masa.

Magudanar ta kowa ce. Ta ratsa gonaki har rafi, kowa yana yashe ɓangarensa kafin damina. Gonar Dogo tana ƙasa da ta tsohon, kuma tsohon ne ma ya yanka masa ita bayan ya ba shi 'yarsa. To bana sai Dogo ya dubi ramin ya ga wai ƙasa ce zaune a banza. Ya cike ɓangarensa, ya dasa barkono a kai. Wayo ke nan! Ruwa ya rasa hanya, ya koma ya kwanta ƙarƙashin masarar da gidan tsohon ke jira su ci.

Suka bi ramin magudanar, maƙwabta na biye, taɓo na cafke takalma. Dogo na can baya kamar wanda aka ɗaura wa dutse a ƙafa. A kan iyaka ramin ya ɓace ɓat, sai barkono kore shar, har ya fara fure.

"Kai! Wane mara imani ne ya yi wannan?" in ji malamin gona.

Kowa ya san gonar Dogo ce. Wani ya yi tari. Kunya ta rufe Dogo, ya ji da ma ƙasar ta tsage ya shige.

Tsohon ya daɗe yana kallon barkonon. Sannan ya gyara tsayuwa.

"Ni na sa shi," ya ce. "Na zaci bana ruwan ba zai yi yawa ba. Tsufa ne, malam, a yi haƙuri."

Maƙwabta suka yi dariya. "Haba Baba, da kanka ka shaƙe gonarka?" Tsohon ya taya su dariyar. Malamin gona kuwa ya wanke shi tas a gaban sa'o'in 'ya'yansa, tsohon dai yana ta gyaɗa kai.

Da aka watse, Dogo ya durƙusa cikin taɓon.

"Baba, ni..."

"Tashi, ɗana, kana ɓata wando." Ya miƙa masa fartanyarsa. "Ka buɗe magudanar kafin hadarin can ya iso. In ka je gida kuma, kada ka gaya wa matarka. Tana ganin girmanka."