Dunduniyar Malama

"Miƙo ƙafar nan in gani," in ji Goggo daga kwance, numfashinta sama-sama.

Malama ta ajiye kwanon abincin, ta ɗora ƙafa a bakin gado. A bayan dunduniyarta ƙashi ya tsiro kamar kan albasa, wurin ya yi jawur. Shi ya raba ta da takalmi mai rufi, shi ya sa take koyar da yara a zaune.

Goggo ba uwarta ba ce, maƙwabciya ce. Tsohuwar tana ƙasa, su Malama suna saman bene. Amma tun da ciwon zuciya ya kwantar da ita, 'ya'yanta kuma suna nesa, Malama ce mai juya ta, mai goge mata jiki, mai shan faɗanta safe da yamma.

"Me likitan ya ce?"

"Aiki iri biyu ne, Goggo. Akwai ƙarami, a huda wuri biyu, a zura na'ura a kankare ƙashin, nan da nan in miƙe. Akwai babba, a tsaga, a ɗaga jijiyar, a yanke ƙashin, a gyara ta a mayar. Shi kam sai na yi makonni ban taka ƙasa ba."

"Wanne ya ce ya dace da ke?"

"Ƙaramin na zaɓa."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Malama ta sunkuyar da kai. Likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri: ƙaramin aiki na wanda jijiyarsa ke da lafiya ne, tata kuwa ƙashin ya riga ya cinye ta. Amma in aka ɗaure ta a sama, wa zai sauko wa Goggo?

Ta ɗebo abinci a cokali. Goggo ta datse baki.

"Haba, Goggo!"

"Haba ɗin me? Ni kike wa tanadi? Ni na gama da ƙafafuna, 'yar nan. Ke kuwa da taki za ki ci gaba da bin 'ya'yan mutane. Kira likitan a gabana, ki ce babban. In ba haka ba, kwashe kwanonki."

Taurin kan Goggo kuwa, kaf gidan babu wanda bai ɗanɗana ba. Malama ta kira likitan tana share hawaye, sannan tsohuwar ta buɗe baki, har da cewa gishiri ya yi kaɗan.

Aka yi babban aikin, aka naɗe ƙafar da farin siminti har ƙwauri. Autar Goggo ta zo jinya. Malama tana sama, kullum kunnenta na ƙasa, tana jin tarin tsohuwar yana ƙara rauni.

Wata rana da hantsi, maigidan Malama ya tafi aiki, sai autar ta ɗaga murya daga gindin bene. "Yaya Malama! Tana ta kiran ki."

Sandunan dogarawa ba su da amfani a wannan matsattsen bene. Malama ta zauna a ƙasa, ta ɗaga ƙafar sama, ta riƙa saukowa da mazaunai, tana haɗa gumi. Haka ta ja jiki har bakin gadon.

Goggo ta buɗe ido da ƙyar. "Wace ce wannan mai jan gindi kamar jaririya?"

"Ni ce, Goggo."

Tsohuwar ta lalubo simintin, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Babban aka yi?"

"Babban."

"To, madalla."

"Na gode, Goggo," in ji Malama. "Wallahi na gode."

Goggo ba ta ƙara magana ba. Kafin rana ta take tsaka, numfashin ya tsaya a hankali. Autar ta fashe da kuka, maƙwabta suka fara shigowa. Malama ba ta motsa ba. Ƙafar ta yi mata tsami, amma hannun Goggo yana kan simintin, da sauran ɗuminsa, ita kuma ba ta so ta zama mai ɗauke shi.