Kwamandan da Ya Tsaya Gaisuwa

Jiya da dare Malam Tasi'u ya yi wani mafarki, kuma 'yarsa Rumasa'u ce ta jawo masa. Tana karatu a Fatakwal, tana shirin dawowa hutun ƙarshen shekara, sai ta bugo ta ce ana rangwamen wasannin kwamfuta, ya zaɓa musu guda ɗaya su buga tare. Na yaƙi take so, irin wanda ake gina gari a tara sojoji, abokin gaba kuma ba ya jira ka gama shiri. Daɗi ya kama Malam Tasi'u har ya rasa inda zai sa kansa, domin tun da yarinyar nan ta girma "lafiya lau, Baba" kawai yake samu, sai ta shige ɗaki. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya zaɓo na banza ta sake shigewa.

Shi kuwa mutum ne mai gaisuwa. In ya tare ka a hanya, sai ya ji lafiyar kajinka kafin ya sake ka. Masu sauri a unguwa da sun hango hularsa suke canza lungu, shi ko a jikinsa, ya ce yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa.

A mafarkin ya tsinci kansa a wata kasuwa inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare, kowa ya juya lemarsa ƙasa yana tafiya. Rumfar wasanni ta wata tsohuwar zabuwa ce mai tabarau. Wasannin a tukwane suke, an rufe su da faifai. Ta ce a rumfarta ba a saye sai an ɗanɗana, ta buɗe tukunya ta farko ta ce ya shiga. Ya cire takalmi ya shiga.

Ciki wani gari ne a bakin kogi, ga ma'aikata tsawon dabino sun jeru da gatura suna jiran umarni. Malam Tasi'u bai ga yadda za a yi ya sa mutum aiki bai gaishe shi ba. Ya fara da na farko: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da hidima. Bai gama da na biyu ba ya ji ƙaurin hayaƙi. Rundunar butoci ce ta haye kogi, suna tafe a jere, suka ƙone rumbunan garin tas, suka juya ba tare da sun ce masa uffan ba.

Sai ga shi a rumfa, gemunsa duk toka.

"Malam," in ji zabuwa, "a cikin tukwanen nan lokaci ba ya amsa gaisuwa."

Tukunya ta biyu sararin samaniya ce, da jirage masu shan man gyaɗa da sojoji sanye da hular ƙarfe marar kafar kunne. Ya yi musu sallama, shiru. Ya sake, shiru. Kafin ya gama jin haushi har sun ci yaƙin da kansu, sun ɗora masa wata a ka. Ya sauke watan ya miƙa wa zabuwa, ya ce wasan da ba a amsa sallama ba zai shiga gidansa ba, ko kyauta ne.

Yarinya tana hanya, shi kuma ga dukkan alamu bai dace da kowace tukunya ba.

Can bayan rumfa ya hango wata 'yar tukunya mai baki biyu. Zabuwa ta ce wannan ba ta da kasuwa, domin mutum ɗaya ba ya shigarta. Ya leƙa, sai ya faɗa.

Rumasa'u ya tarar a kan bishiyar kuka a wani gari irin na farko, tana nuna wa ma'aikata inda za su kai ƙasa. Ganuwar garin ko gwiwa ba ta kai ba, butocin nan kuma har sun iso bakin kogi. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ya gaya mata shi ba ya tsinana komai a yaƙi. Ta riga shi.

"Baba, fita ka gaishe su."

Ya fita. Ya tsaya a gaban babbar butar da ke jan runduna, ya yi sallama cikakkiya. Ashe butocin 'yan gidan mutunci ne, ɗazu ba wanda ya gaishe su ne. Ta amsa. Ya tambaye ta gajiyar hanya, da mutanen gida, da mariƙinta da aka ɗaure da waya, ko ya warke. Ta ce da sauƙi. Sauran suka ga ba daidai ba ne a wuce su, suka ja layi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a bayansa kuma ganuwa tana ta hawa, sojojin Rumasa'u suna ƙyanƙyashewa daga ƙwai da kwari da baka a hannu.

Da ya zo ƙarshen layi ya waiwaya. Ta ɗago murya daga kan kuka.

"Kada ka tsaya, Baba. Ƙara."

Tun da yake a duniya ba a taɓa ce masa ya ƙara gaisuwa ba. Hawaye suka zo masa, suka tashi sama suka bi ruwan. Ya koma farkon layi ya sake ɗauko ta daga ina kwana. Butoci suka gaji suka zauna, suka fara wani gurnani, gurrr, gurrr.

Ya farka. Ƙarar tayar akwati ce ake ja a kan simintin tsakar gida. Motar dare ta iso da wuri.

Ya fito da sauri, hula a karkace, bai sayi komai ba. Rumasa'u ta durƙusa ta ce ina kwana, hannunta ɗaya na kan akwati, idonta na kan ƙofar ɗakinta. Ya ce bai zaɓa ba tukuna, sai ta huta su duba tare, amma yana da sharaɗi: wanda mutum biyu ke bugawa a gefe ɗaya.

Ta dube shi. Ta saki akwatin, ta gyara zama a tabarma.

"To, Baba," ta ce, "ba ka tambaye ni hanya ba."