Ranar da Aka Hana Lafari Gudu

A duk faɗin Talata Mafara da Bakura da Maradun babu alƙalin wasan ƙwallo da ya daɗe yana busa usur kamar Malam Mas'udu, kuma haƙori ɗaya kacal ya rasa. Waɗanda suka san harkar suna ganin wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Dokar wasa ya san ta daidai gwargwado, amma ba ita ta tsare masa baki ba. Sambo ne ya tsare masa, ɗan kabu-kabu, abokinsa tun suna firamare.

Tsarinsu ɗaya ne a kowane fili. In wasa ya kusa tashi, Sambo zai tada mashin ya tsaya a kusurwar da ta fi kusa da titi, kan mashin yana kallon Mafara. Shi kuwa Mas'udu sai ya riƙa bin ƙwallo yana karkata, yana karkata, har ya iso kusurwar. A nan yake busa tashi, ƙafa ɗaya a fili, ɗaya bisa mashin. Kafin 'yan kallo su gama tantance wanda aka zalunta, sai dai su hangi ƙeyarsa. Haƙorin nan ma a Bakura ya tafi, ranar da zazzaɓi ya kwantar da Sambo.

Ana nan sai Alhaji Hashimu, mai sayar da takin zamani kuma shugaban kwamitin gasar garuruwan uku, ya ji samari suna musu a gidan kallo. Wasu na cewa ya kamata lafari ya riƙa tsayawa bayan wasa ya amsa tambayoyin 'yan jarida, yadda masu horarwa ke yi. Wasu na cewa ba mutuncinsa ba ne. Alhaji bai jira ƙarshen musun ba. Washegari ya tara kwamiti ya ce daga yanzu doka ce. Da wani ya tambaya ko a ƙasashen waje ana yin haka, sai ya ce in suna yi mun kamo su, in ba su yi mun wuce su. Batun ɗan jarida kuwa bai ba da wahala ba, don guda ɗaya gasar ke da shi: Mustapha, ɗan ƙanwar Alhajin, mai waya da shafi a Fesbuk.

Mas'udu ya tafi shagon taki ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya kawo kukansa. Ya ce shi bai ƙi ci gaba ba, amma filayenmu ba su da katanga, duwatsu kuwa ba a sayen su. Alhaji ya gyara zama bisa buhu ya ce mai gaskiya ba ya tsoron tambaya.

"Ba tambayar nika tsoro ba, Alhaji," in ji Mas'udu. "Masu saurare."

Alhaji ya yi dariya ya ce wannan ma sai ya faɗe ta a gaban waya, jama'a za su so ta.

A gida matarsa Baturiya ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ce ta sha gaya masa ya bar yawo da gajeren wando a gaban mutane, shekarunsa sun wuce nan. In ya dawo mata babu sauran haƙoran gaba, ya sani kunu zai koma, ita kuma ba ta yi alkawarin dama shi safe da yamma ba.

Wasan kusa da na ƙarshe a Maradun aka yi, bayan la'asar, tsakanin Guguwa, ƙungiyar masu gida, da Tauraro ta Bakura. Tun kafin a take leda Alhaji Hashimu ya kira Sambo ya karɓi makullin mashin, ya jefa cikin aljihun babbar rigarsa, ya sa aka tura mashin ɗin bayan teburin manyan baƙi. Sambo ya zauna a gindin darbejiya ya yi tagumi.

Aka yi ta fafatawa babu wanda ya ci. Lokaci ya kusa cika, ƙwallo tana gaban ragar masu gida, sai usur ya yi ƙara. Kowa ya tsaya. Ga ɗan wasan Bakura kwance cikin da'irar gola yana birgima yana riƙe da ƙauri. Mas'udu ya ɗan yi jim, sannan ya nuna wurin bugun fenariti. Aka buga, ta shiga. Ba a jima ba ya busa tashi a tsakiyar fili, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya ji kamar ya fito kasuwa babu riga.

Mutanen Maradun ba su ruga ba. A hankali suka taho, don an sanar da su cewa yau lafari ba ya zuwa ko'ina. Wasu da duwatsu, wasu da karan dawa, wani dattijo ya cire takalminsa ɗaya yana ɗingishi. Suka yi zobe. Alhaji Hashimu ya tsaya nesa kaɗan, inda dutse ba zai yi kuskure ya same shi ba, ya yi wa Mustapha alamar ya fara. Mustapha ya ɗaga waya ya ce ana kallo kai tsaye.

"Malam lafari, jama'a na son su ji. Mi ka gani har ka ba da fenaritin ga?"

Mas'udu ya dubi masu duwatsu. Sai harshensa ya kama abin da kowane mutumin kirki ke farawa da shi a gaban taro. Ya yi sallama. Ya gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ya gai da Mustapha, ya tambaye shi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar mahaifiyarsa da aka ce tana ciwo. Mustapha ɗan gidan tarbiyya ne, dole ya riƙa amsa lafiya lau, da sauƙi, Alhamdu lillahi.

Nan idon Mas'udu ya faɗa kan wanda ya fi kowa matsowa, riƙe da dutsen da ya fi na kowa girma. Ya san shi a kasuwa.

"Ina kuma gaishe da Sadi mahauci, wanda namansa bai taɓa kwana ba."

Sadi ya dubi lafari, ya dubi waya. Ya mai da dutsen bayansa, ya gyara hula da ɗayan hannun, ya tambayi na kusa da shi ko ana ganinsa. Aka ce ana gani. Ɗaga wa duniya hannu yana buƙatar hannu, sai ya saki dutsen.

Daga nan abin ya ɓalle. Wani ya ce a gai da shi, shi ne mai facin taya na bakin tasha. Dattijo mai takalmi ɗaya ya ce yana da ɗa a Legas mai kallon irin wannan, a ambaci sunansa. Wani ya yi fushi don an kira shi babu Alhaji, Mas'udu ya ba da haƙuri ya sake daga farko. Golan da aka ci, wanda ɗazu yake rantsuwa sai ya ga jini, ya raɗa masa sunan wadda yake nema a Morai, ya ce a gaishe ta amma kada a ce daga wa. Mas'udu ya gai da masu gero, ya gai da masu gyaɗa, ya gai da waɗanda suka so zuwa Allah bai nufa ba.

Mustapha ya sake gwadawa. "Malam, fenaritin hwa?"

Sadi mahauci ne ya daka masa tsawa, ya ce ba a koya masa ladabi ba ne, babba na gaisuwa yana katse shi. Jama'a suka ce gaskiya ne, yaran yanzu sai addu'a.

Rana ta yi ja. 'Yan Bakura tuni sun cika motarsu sun kama hanya da nasararsu, don ba wanda ke son duhu ya riske shi a wannan titin. Mas'udu ya ajiye Alhaji Hashimu a ƙarshe. Ya kira shi uban wasanni, gatan matasa, mai hangen da Turawa ba su kai ba. Alhaji ya kutso cikin zoben ya karɓe wayar, ya sanar da duniya cewa yau an kafa tarihi a Maradun, lafari ya tsaya ya amsa dukan tambayoyi babu ɓoye-ɓoye. Ya ciro makulli ya miƙa wa Sambo kamar mai ba da kyautar mota. Jama'a suka raka su har bakin titi, wasu na tuna wa Mas'udu sunayen da zai faɗa in ya sake zuwa.

Sambo ya ja mashin har suka shiga gonakin shinkafa. Mas'udu na baya yana taɓa haƙoransa da harshe ɗaya bayan ɗaya. Can Sambo ya ce ya ji an gai da mahauci, an gai da budurwar gola, amma wanda ya ɗauki shekaru yana ceton wani bai ji sunansa ba. Mas'udu ya ce na gida ba a gaishe shi a waya. Sambo ya ce to ya ji, amma shi yana da tambaya, kuma kada a tambaye shi ƙafar kowa.

"Tsakaninka da Allah, fenariti ce?"

Mas'udu ya waiga ya ga babu kowa a bayansu.

"Ina na sani? Kusurwa nika kallo, inda ka saba tsayawa. Na ga wayam, na yi ajiyar zuciya, ashe usur na bakina. Ina juyowa na ga mutum kwance."

Sambo ya yi dariya har mashin ya yi tangal-tangal. Da ya natsu sai ya ce gara Mas'udu ya fara tanadin sunaye tun yau, don wasan ƙarshe a Bakura za a yi, kuma a can bai san kowa ba sai wanda ya cire masa haƙori.

"Da shi zan fara," in ji Mas'udu.